Alaska, British Columbia ko Washington: inda ya fi dacewa mai fatsa ya nemi kifin salmon a teku

Mutumin da ya ƙudurta zuwa gaɓar tekun Fasifik ta Arewacin Amurka domin ya kama kifin salmon da fatsa, don nishaɗi da abin kai wa gida ba don sayarwa ba, yana da wurare uku da suka fi shahara a gabansa: kudu maso gabashin jihar Alaska, lardin British Columbia na ƙasar Kanada, da kuma jihar Washington. Wuraren nan uku a gaɓa ɗaya suke jere, kuma sau da yawa kifi ɗaya ne yake ratsa su, domin da yawa daga cikin manyan salmon da ake kamawa a bakin garin Sitka na Alaska an ƙyanƙyashe su ne a kogunan Kanada da Washington da Oregon, kuma can za su koma su yi ƙwai su mutu. Sai dai dokar da take kan kifin tana sauyawa da zarar ya tsallaka iyaka, har ya zama kifin da aka halatta maka ka saka a sanho a wannan gefe, a wancan gefe ko cikin jirgi ba a yarda ka shigar da shi ba. Saboda haka tambayar da ta kamata ta zo kafin sayen tikiti ita ce, a ranakun da zan kasance a wurin, wane kifi ne doka za ta bar ni in riƙe, kuma yaya ƙarfin tabbacin cewa dokar ba za ta sauya ba kafin in isa.

Irin salmon biyar ne a wannan gaɓa, amma uku ne suka fi shafar mai fatsa a ruwan gishiri. Babbansu shi ne Chinook, wanda mutanen Alaska suke kira king, wato sarki, kuma a kansa ne kusan duk tsananin doka ya tattaru. Na biyu shi ne coho, wanda bai kai shi girma ba amma ya fi shi yawa da tsalle-tsalle idan ya haɗiyi ƙugiya, kuma kakarsa tana kankama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Na uku shi ne pink, ƙaraminsu, wanda shekara biyu cif yake rayuwa, abin da ya sa a Puget Sound, wani reshen teku da ya kutsa cikin jihar Washington, da kogin Fraser na Kanada yake zuwa da yawan gaske a shekarun da lambarsu mara ce, kamar 2023 da 2025 da 2027, sannan ya yi ƙaranci ƙwarai a shekarun da ke tsakani. Sauran biyun, sockeye da chum, ana samunsu, amma ba kasafai mutum yake shirya doguwar tafiya zuwa teku dominsu ba.

Dalilin da ya sa lokutan kamu ba su da tabbas yana da tarihi. A 1985 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniya a kan salmon na Fasifik, wadda take ƙayyade yawan Chinook da kowane ɓangare zai iya ɗauka gwargwadon hasashen yawan kifin a kowace shekara. A 1999 gwamnatin Amurka ta saka Chinook na Puget Sound cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, a 2005 kuma ta saka wani rukunin dabbar teku ta orka da yake zaune a wannan ruwa cikin waɗanda ke gab da ƙarewa; waɗannan dabbobi ba su kai 80 ba a yau, kuma Chinook ne babban abincinsu. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa mai fatsa yana raba kifi ne da masunta na kasuwa, da ƙabilun asali masu haƙƙi, da dabbar teku, da kuma kogunan da dole a bar musu isassun iyaye. Littafin dokoki da ake bugawa a farkon shekara shiri ne kawai, kuma a wuraren uku duk hukuma tana da ikon sauya shi cikin 'yan kwanaki.

Jihar Washington ita ce ta fi sauƙin isa, kuma ita ce ta fi rikitarwa. An raba ruwan gishirinta zuwa yankuna masu lamba daga 1 zuwa 13. Yankuna huɗu na farko, wato Ilwaco da Westport da La Push da Neah Bay, suna fuskantar buɗaɗɗen teku, sauran kuma suna bin mashigin Juan de Fuca su shiga Puget Sound, inda yanki na 7 yake tsibiran San Juan, na 10 kuma yake gaban birnin Seattle. Kowane yanki da ranakunsa da adadinsa. Ana tsara su ne a watannin Maris da Afrilu, a zaman da ake kira North of Falcon, tsakanin hukumar kifi da namun daji ta jihar da ƙabilun da suke da yarjejeniya da gwamnati, waɗanda hukuncin alƙali George Boldt na 1974 ya tabbatar musu da rabin kifin da ya halatta a kama. A gefen teku kakar takan buɗe a ƙarshen Yuni ta kai Satumba, matuƙar adadin da aka ware wa yankin bai cika ba, domin da ya cika ake rufewa ko da sauran makonni a takarda. A cikin Puget Sound abin ya fi matsi: a shekarun baya-bayan nan akwai yankunan da kamun Chinook na watan Yuli bai wuce 'yan kwanaki ba, a buɗe kwana uku, a ƙirga abin da aka kama, sannan a sanar ko za a ƙara.

Abin da ya fi bambanta Washington shi ne dokar alama. Gidajen ƙyanƙyasar kifi na jihar suna yanke wa 'ya'yan Chinook da coho wani ɗan ƙaramin fiffiken tsoka da yake a bayansu kusa da wutsiya kafin a sake su, domin idan sun girma a iya rarrabe su da kifin da ya tashi a kogi da kansa. A yawancin kamun Chinook na Puget Sound, mai yankakken fiffike da tabon ya warke shi kaɗai ake riƙewa. Ga yadda abin yake a aikace: bayan mutum ya sha fama da kifi na tsawon minti goma ko fiye, hannuwansa sun yi tsami, kifin ya taso gefen jirgi yana walƙiya, abokin tafiyarsa ba zai zura ragar kwasa ba sai ya sunkuya ya dubi bayan kifin tukuna. Idan ɗan fiffiken nan yana nan, to a cikin ruwa za a zare ƙugiya a bar shi ya tafi, domin daga yanki na 5 zuwa na 13 haramun ne a shigar da irin wannan kifi cikin jirgi ko da don ɗaukar hoto. Wannan ne ya sa doka ta wajabta ƙugiya marar kunne, wadda take zarewa ba tare da yaga bakin kifi ba. Masu fatsa sukan matse kunnen da filaya kafin su fita. Idan kuwa kifin na riƙewa ne, Chinook a Puget Sound sai ya kai inci 22, wato kusan santimita 56, kuma dole a rubuta shi nan take a katin kamu kafin a sake jefa ƙugiya. Katin ana mayar wa hukuma bayan ƙarshen shekarar lasisi, wadda take farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris, ko an kama ko ba a kama ba. Iyakar abin da ake ɗauka a rana yawanci salmon biyu ne.

Ina ganin wannan tsari adalci ne ga kifin, amma yana da nauyi a kan baƙo. Wanda yake zaune a Seattle ko Tacoma yana iya duba manhajar hukumar mai suna Fish Washington da daddare, ya ga an buɗe gobe, ya fita da asuba. Wanda ya sayi tikitin jirgin sama tun wata huɗu baya ba shi da wannan damar. Duk da haka jihar tana da abin da sauran biyun ba su kai ta ba, wato arha. A shekarar pink, cikin Agusta, mutum yana iya tsayawa a bakin yashi a tsibirin Whidbey ko a Lincoln Park da ke yammacin Seattle, da sandar fatsa da ɗan ƙarfe mai launin ruwan hoda, ya kama kifi ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba. Akwai kuma kamun Buoy 10 a bakin kogin Columbia, wanda yakan buɗe 1 ga Agusta, inda ɗaruruwan jirage suke taruwa a kan Chinook da coho masu shiga kogi.

A British Columbia ruwan gishiri na gwamnatin tarayya ne, a ƙarƙashin ma'aikatar kifi da tekuna ta Kanada, saboda haka lasisin da lardi yake bayarwa na koguna da tafkuna ba ya aiki a teku. Ana sayen lasisin ruwan gishiri daban, kuma wanda yake so ya riƙe salmon sai ya ƙara da sayen tambarin kiyaye salmon a kansa. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ma sai sun karɓi lasisi, ko da yake nasu kyauta ne. A nan ma ƙugiya marar kunne dole ce. Iyakar rana salmon huɗu ne idan an haɗa dukkan iri, abin da mutum zai mallaka a tafiya kuma takwas, amma Chinook ba ya wuce biyu a rana a inda aka fi sassauci, kuma ba ya wuce goma a shekara, kowanne sai an rubuta shi a lasisi a lokacin da aka kama. Wannan adadi na goma bai bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba, kuma wannan babban al'amari ne idan aka kwatanta da Alaska.

Matsalar British Columbia tana kudu. Tun 2019, saboda lalacewar wasu rukunonin Chinook na kogin Fraser, wadda zaftarewar dutse cikin kogin a wani wuri mai suna Big Bar da aka gano a wannan shekarar ta ƙara tsanantawa, an hana riƙe Chinook a manyan sassa na ruwan da ke tsakanin tsibirin Vancouver da babban yanki da kuma mashigin Juan de Fuca, daga Afrilu har zuwa tsakiya ko ƙarshen Yuli. Bayan an buɗe ma, a wasu wuraren akan sa iyaka ta sama, santimita 80, ta yadda babban kifin da mutum ya zo dominsa shi ne wanda dole ya saki, yayin da ƙasa da santimita 62 ma bai halatta ba a mashigin Georgia. Coho a kudu galibi mai yankakken fiffike ake riƙewa. Sannan akwai wuraren da aka killace domin wani kifin duwatsu mai jinkirin girma, inda ba a jefa ƙugiya ko kaɗan, da wasu da ake rufewa domin orka, irin su Swiftsure Bank, kuma babu wata alama a kan ruwa da za ta nuna maka iyakarsu, sai taswira. Wanda ya nufi yammacin tsibirin Vancouver, wajen Ucluelet da Tofino da Barkley Sound, ko arewa wajen Prince Rupert da Haida Gwaii, yakan tarar da sassauci fiye da haka, kuma watan Agusta a Barkley Sound, lokacin da Chinook na gidan ƙyanƙyasa na Robertson Creek yake komowa ta mashigin Alberni, yana cikin lokutan da suka fi tabbas a duk gaɓar.

Akwai abu ɗaya a lardin nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna wani irin kamu da ba adadi ake nema a cikinsa ba. A garin Campbell River akwai ƙungiyar Tyee, wadda aka kafa tun shekarun 1920, kuma sunan yana nufin Chinook da ya kai laba 30, kusan kilo 13 da rabi. Ba a shiga ƙungiyar sai mutum ya kama irin wannan kifi daga ƙaramin kwalekwale da ake tuƙawa da filafili, babu inji, da zare marar kauri da ƙugiya ɗaya, tsakanin tsakiyar Yuli da tsakiyar Satumba. Da magariba za ka ga kwalekwalen sun yi layi a bakin kogin, shiru, ba ka jin komai sai motsin filafili, mai fatsa ya kafa ido a kan bakin sandarsa yana jiran ɗan sauyin rawarta. Mutane da yawa suna shekaru ba su samu ba. Wanda irin wannan haƙuri yake burge shi, ya riga ya san inda zai nufa.

Kudu maso gabashin Alaska kuwa ita ce ƙasar yalwa, amma yalwar tana da sharaɗi. Sitka da Ketchikan da Juneau babu hanyar mota da ta haɗa su da sauran nahiyar, sai jirgin sama ko na ruwa, kuma baƙi da yawa jirgin haya mai jagora suke shiga, saboda haka kuɗin tafiyar ya fi na sauran biyun nesa ba kusa ba. Lasisin baƙo ana sayar da shi na kwana 1 ko 3 ko 7 ko 14 ko na shekara, kuma wanda zai nemi king sai ya sayi tambarinsa daban, ko da niyyarsa ya kama ya saki. Ba a tilasta ƙugiya marar kunne a ruwan gishirin yankin, kuma galibi ba a tambayar ko fiffike yankakke ne. Ga coho da pink da chum da sockeye da suka kai inci 16, doka ta ba mutum shida na kowane iri a rana, goma sha biyu a mallaka. Wanda ya zo Sitka ko Ketchikan a Agusta ya yi kwana uku a kan ruwa, yana iya komawa gida da kwalaye na daskararren coho, abin da dokar Washington ba za ta taɓa bari ba.

King ne wurin da baƙo yake gane cewa shi baƙo ne. Jihar tana fifita mazaunanta a fili, kuma ba a zama mazauni sai an shafe watanni 12 a jere. Kifin sai ya kai inci 28, kusan santimita 71. Baƙo yakan sami ɗaya a rana, kuma a shekarun nan iyakarsa ta shekara tana yawo tsakanin ɗaya da uku, sau da yawa tana raguwa yayin da ake shiga Yuli. Kowane king da ya riƙe sai ya rubuta shi da biro a lasisi nan take, kuma jagoran jirgi da ma'aikatansa ba su da ikon riƙe nasu su ba shi. Ruwan cikin tsibirai kusa da Juneau da Petersburg da Wrangell da Ketchikan akan hana riƙe king a cikinsa daga Afrilu zuwa wajen tsakiyar Yuni, domin kare kifin kogunan Taku da Chilkat da Stikine da Unuk, shi ya sa masu neman king na farkon kaka suke tururuwa zuwa Sitka, wadda take gefen buɗaɗɗen teku, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Rufewar gaggawa ma tana faruwa a nan: a 2024 an hana kowa riƙe king a yankin baki ɗaya daga 26 ga Agusta zuwa ƙarshen Satumba, domin masu fatsa sun cinye kasonsu na yarjejeniya.

Idan aka jera ukun, zaɓin yana bin halin mutum ne da yadda lokacinsa yake. Wanda dole ya tsayar da ranakun tafiyarsa tun da wuri, kuma yake so ya dawo da kifi mai yawa, shawarata gare shi ita ce ya nufi Alaska a Agusta da niyyar coho, ya ɗauki king a matsayin ƙari idan Allah ya kawo. Dokar coho a can ba ta cika motsi ba, kuma wannan kwanciyar hankali ita ce ainihin abin da tsadar tafiyar take saya masa. Wanda Chinook ne burinsa ba wani ba, kuma yana so ya riƙe fiye da ɗaya ko biyu, British Columbia ta fi masa, da sharaɗin ya kauce wa kudu kafin Agusta, ya nufi yammacin tsibirin Vancouver ko arewa. Wanda kuma yake zaune a Washington ko kusa da ita, ko yake da 'yan uwa da zai sauka wurinsu na makonni, ba shi da dalilin kashe dubban daloli, domin idan an rufe yanki ɗaya akwai wani a buɗe, kuma sassaucin lokacinsa ya ishe shi. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya taso daga nesa domin kwana biyu na Chinook a Puget Sound cikin Yuli. Wanda yake tunanin California a matsayin zaɓi na huɗu ya tuna cewa an rufe kamun salmon na teku a can gaba ɗaya a 2023 da 2024, kuma coho ma ba a riƙe shi a ruwan jihar.

Akwai abubuwa biyu da ba sa cikin littafin doka amma suna yanke hukunci. Na farko biza ce: Alaska da Washington na Amurka ne, British Columbia ta Kanada ce, kuma ga mai fasfo na Najeriya ko Nijar wannan kaɗai yana iya rufe ƙofa ɗaya, lasisin ƙasa ɗaya kuma ba ya aiki a ruwan ɗayar, ko da jirgi ya tsallaka iyakar ne a tsakiyar mashigi ba tare da ya taɓa gaɓa ba. Na biyu shi ne jiki. Fita daga Westport ko Ilwaco tana nufin tsallaka bakin kogi inda igiyar ruwa take da ƙarfi, gefen Sitka da Tofino ma buɗaɗɗen teku ne, kuma wanda bai saba ba yana iya wuni cikin jiri da amai bai taɓa sanda ba. Ruwan Puget Sound da na Campbell River da na Ketchikan yana cikin kariyar tsibirai, ya fi dacewa da dattijo ko mai tafiya da yara.

Kafin a biya kuɗin ajiye wuri a jirgin haya, ya dace a tambayi mai jirgin a rubuce abin da zai faru da kuɗin idan hukuma ta rufe Chinook a ranakun, da kuma ko akwai wani kifin da zai kai mutum kamawa a madadinsa. A kuma tambaye shi yadda yake yanka kifi, domin a Kanada dole a bar shi yadda jami'i zai iya gane irinsa da adadinsa da tsawonsa har a isa gida, kuma kifin da aka daddatsa aka cire masa wutsiya yana iya jawo tara a hanya ko da an kama shi bisa ƙa'ida. A daren da za a fita kuma a sake buɗe shafin sanarwar gaggawa na hukumar wurin, a nemi lambar yankin da za a shiga, a karanta sanarwar ƙarshe da aka fitar a kansa.